Monita ɗaya don aikin ofis da buga gem: wacce zan saya?

Wani ƙanena daga Tudun Wada a nan Zariya ya aiko da tambaya. Shi ke riƙe da lissafin kuɗin wata makaranta mai zaman kanta, a cikin Excel yake yini, da yamma kuma yana rubutun digirinsa na biyu a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello. Na'urorinsa biyu ne: laftof HP EliteBook ta hannu, da PS4 da yake buga bal da ita in dare ya yi, yana kuma da niyyar sayen PS5 in Allah ya hore. Ya ga wata monita mai lanƙwasa, inci 32, an rubuta 165Hz da 1ms a jikin kwalinta, ta shiga ransa. Wani abokinsa ya ce ya nemi Dell inci 24 tokumbo, wani kuma ya ce ya sayi talabijin kawai ya huta. Da sola yake aiki, batir ɗaya. Wacce zai ɗauka?

Ƙanena, kar ka sayi mai inci 32 ɗin nan. Na haura shekara goma ina gyara kwamfuta da haɗa ta a Sabon Gari, na kuma ga inda irin wannan cinikin yake ƙarewa. Amma ba zan sallame ka da "kar ka saya" kawai ba, don kuɗinka ne, idonka ne, kuma ina so ka shiga shago ka san abin da kowace lamba ta jikin kwali take nufi, yadda ba mai juya ka da baki.

Abin da nake so ya fara zama a ranka shi ne, monita ba ta ƙirƙirar hoto. Abin da na'ura ta miƙo mata, shi take nunawa. Lambar nan ta Hz tana gaya maka sau nawa monita za ta iya sabunta hotonta a daƙiƙa ɗaya. Mai 60Hz sau 60, mai 165Hz sau 165. To PS4 iyakarta hoto 60 a daƙiƙa, a kan ɗigo 1920 da 1080. Ko monitar da ta fi kowacce gudu a duniya ka jona mata, 60 ɗin nan za ka gani. Wasannin bal ma, ko eFootball ko EA Sports FC da ya gaji FIFA tun 2023, a kan 60 suke tafiya har a PS5. Ita kuwa EliteBook ɗinka kwamfutar ofis ce, ba ta da katin girafik na daban, ɗan ƙaramin na Intel da ke cikin furosesa take amfani da shi, ba zai iya tura babban gem ko kusa da hoto 165 ba. Ka ga ke nan lambar da ta ja hankalinka, wadda kuma ita ce ta ɗaga farashin, babu na'ura ko ɗaya a ɗakinka da za ta ci moriyarta a gem. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ba wai gudun ba shi da amfani ba ne. A 60Hz kowane hoto yana tsayawa kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa, a 144Hz kuwa kashi 7 kacal. Wanda yake buga wasan harbi irin Call of Duty a kwamfuta mai ƙarfi, yana jin wannan bambancin a hannunsa kafin ma idonsa ya gane, kuma in ya saba da 144 ba ya iya komawa 60. Har a aikin ofis za ka ga linzami yana tafiya sumul, shafi yana gangarawa ba tare da rubutun ya dusashe ba. Yana da daɗi. Sai dai daɗi ne da ake ƙarawa bayan an gama da abin da ya zama dole, kuma a wurinka abin da ya zama dole shi ne tsabtar rubutu.

A nan zan daɗe, domin nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa rami. Muna da ɗabi'ar auna monita da inci kamar yadda muke auna talabijin: babba ta fi. Talabijin daga nesa ake kallonta, kana kan kujera ko tabarma, mita biyu ko uku tsakaninku. Monita kuwa tsawon hannu ɗaya ne tsakaninta da fuskarka. Hoton da ke kanta tarin ƙananan ɗigo ne, kuma adadin ɗigon ba ya ƙaruwa don allon ya ƙara faɗi. Mai 1920 da 1080, wadda ake rubuta wa Full HD, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai gare ta, ko inci 24 ce ko inci 32. In ka shimfiɗa su a kan inci 24, kowane inci yana samun ɗigo kusan 92. A inci 27 su sauko 82. A inci 32 su koma 69. Ɗigon ya kumbura ke nan, har idonka yana iya tsintar su ɗaya-ɗaya, gefen haruffa ya zama kamar haƙoran zarto. Kuma yawancin masu lanƙwasar nan inci 32 da ake sayarwa da rangwame, 1080 ne. Ka koma ka duba kwalin, ina kyautata zaton abin da za ka gani ke nan a rubuce da ƙananan baƙi, a ƙasan 165Hz da aka rubuta ɓaro-ɓaro.

Akwai wani matashi da ya taɓa kawo min irinta shago, ya rungumo ta a bayan keke napep, ya ce ta lalace, rubutu ba ya fita. Na jona ta, na buɗe masa takardar lissafi, na ce ya matso. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allon, yana ƙoƙarin rarrabe 3 da 8 a wani ƙaramin gida. Na jawo wata tsohuwar inci 24 da ke gefen tebur na buɗe masa takardar dai, ya kalli wannan ya kalli waccan, ya yi shiru. Babu abin da ya lalace a tasa, haka aka ƙera ta. Kuma layukan da take nunawa daidai suke da na ƙaramar, ko ɗaya bai ƙaru ba, sun dai yi ƙiba ne kawai. Kai da kake bin kuɗin makarantar ɗaruruwan yara layi-layi, kuskuren 3 da 8 ba ƙaramin abu ba ne.

Inda fili yake ƙaruwa da gaske shi ne in ka hau 2560 da 1440, wadda ake kira QHD ko 2K. Wannan ɗigo miliyan 3.7 ne, kuma a inci 27 kowane inci yana samun 109. Rubutu ya fito tas, layukan Excel da kake gani a lokaci ɗaya su ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, ka iya ajiye babin da kake rubutawa a hagu, takardar da kake karantawa a dama, kowanne da cikakken faɗinsa. Ga mai rubutun digiri wannan ni'ima ce. A ganina inci 27 mai 1440 ita ce inda aiki da wasa suka fi haɗuwa lafiya. Mai 4K, wato 3840 da 2160, ta ninka 1080 sau huɗu, rubutunta kamar na littafi, amma ba taka ba ce yanzu. Ramin HDMI na yawancin laftof ɗin ofis na shekarun baya samfurin 1.4 ne, wanda a 4K hoto 30 kawai yake iya turawa a daƙiƙa, linzami ya riƙa jan ƙafa. Shi dai wannan ramin yana ɗaukar 1440 a kan 60Hz ba matsala.

Sai nau'in allon kansa, wanda masu shago ba su cika ambata ba sai ka tambaya. Uku ne za ka fi cin karo da su: TN, VA da IPS. TN tsohon yayi ne, mai araha, yana da sauri, amma launinsa a koɗe yake, kuma da ka ɗan sunkuya ko ka kalle shi daga gefe sai hoton ya yi duhu ko ya juye. Ka bar shi. VA baƙinsa baƙi ne wuluk, bambancin haske da duhunsa yana kai wa 3000 bisa 1, alhali na IPS a kusan 1000 bisa 1 yake tsayawa, don haka fim da daddare ya fi kyau a kansa. Aibinsa, musamman masu arahar, shi ne in abu mai duhu ya gifta da sauri sai ya bar wutsiya a bayansa, kamar an goga gawayi. Kusan duk masu lanƙwasar nan VA ne. IPS kuwa launinsa ba ya sauyawa ko daga ina ka kalla, farinsa fari ne daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko da yake a ɗaki mai duhu za ka ga ɗan haske-haske a kusurwoyinsa. Ga mai yini a kan farar takarda, IPS nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. In abokanka biyu sun zo buga bal, ɗaya a gefen gado ɗaya a ƙasa, kowa zai ga fili kore yadda yake. Wani nau'in allon, OLED, ta fi su duka kyan hoto, amma ga tsada, ga shi kuma abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar layin ƙasan Windows da gidajen Excel, yana iya barin tabo na dindindin. Ba a yi ta don akawu ba.

Lambar 1ms, wato lokacin da ɗigo yake ɗauka ya sauya launi, kar ta ɗauke maka hankali. Kamfanoni suna auna ta ne a wani yanayi na musamman da ba wanda yake amfani da monita a cikinsa, kuma kusan kowane kwali yanzu ita ce a jikinsa. Haka ma HDR, dabarar ƙara wa hoto haske da launi, da ake liƙawa a kan masu araha, suna ne ya fi aiki yawa. Lanƙwasa kuma tana da ma'ana a kan dogayen allunan nan masu faɗi sosai, inci 34 zuwa sama. A ƙasa da haka ado ce, kuma mai aiki da miƙaƙƙun layuka sai ya ɗauki kwanaki kafin idonsa ya daina ganin su a karkace.

Yanzu ga hanyoyi biyu, kuma kai kaɗai ka san wacce ce taka, domin ta rataya ne a kan maganar PS5 ɗin nan. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: kuɗinta ya fara taruwa, ko fata ce tukuna? In fata ce, abokinka na farko ya faɗa maka gaskiya. Ka nemi inci 24, IPS, 1080, daga cikin monitocin ofis da ake shigowa da su na hannu. PS4 ɗinka za ta cika ta ɗigo bisa ɗigo, hoton ya fito garau, Excel ya zauna daidai, wuta kaɗan take ci, teburinka ya ɗauke ta, canjin da ya rage ka ƙara a asusun PS5. Bari in koya maka karanta sunan Dell, zai yi maka amfani a kasuwa. Ɗauki P2419H. Harafin farko ajinta ne: P na ma'aikata, U na ƙwararru masu aikin launi, E na masu neman araha, kuma tsofaffin E da yawa TN ne. Lamba 24 inci ne, 19 shekarar samfurin ce, harafin ƙarshe kuma yawan ɗigo: H na nufin 1080, D na nufin 1440, Q na nufin 4K. Da ka ga U2719D ka san inci 27 ce mai 1440 tun kafin mai shago ya buɗe baki. A wajen HP kuwa EliteDisplay irin E243 ita ce takwarar P ɗin, kar harafin E ya ruɗe ka.

In kuwa PS5 ta kusa, ko kana shirin haɗa kwamfutar tebur mai katin girafik irin RTX 3060, to ka daure ka ƙara kuɗi ka sayi inci 27, IPS, 1440, mai 144Hz ko sama. Tun watan Satumba na 2022 Sony ta buɗe wa PS5 damar fitar da 1440, kuma wasanni irin Call of Duty da Fortnite suna kai wa hoto 120 a kanta. Ka tabbatar dai monitar tana karɓar 1440 a kan 120Hz ta ramin HDMI, wato ramin ya kasance 2.0 ko sama, don wasu ta DisplayPort kaɗai suke ba da cikakken gudunsu, PS5 kuwa ba ta da wannan ramin. LG 27GP850 misali ce ta wannan ajin, akwai irinta a wajen Gigabyte da AOC da MSI. Kafin PS5 ta iso, PS4 za ta yi aiki a kanta, sai dai monitar za ta miƙe hoton 1080 ya cika 1440, ya ɗan yi laushi. A wasan bal ba zai dame ka ba. Za ka kuma ga an rubuta FreeSync ko G-Sync, dabara ce ta sa monita ta bi takun katin girafik don kar hoto ya tsage biyu. Tana aiki a kwamfuta, Xbox ma tana amfani da FreeSync, amma PS4 ba ta san da ita ba.

Abin da ba na so shi ne ka tsaya a tsakiya, ka sayi inci 27 mai 1080 don ta fi girma kuma ta fi araha. Ana iya zama da ita, amma ga mai karanta lambobi awa takwas, ba ta kai inci 24 tsabta ba, ba ta kuma ƙara maka fili ko layi ɗaya ba.

Akwai abu biyu da mai PS yake mantawa sai ya isa gida. Na farko sauti. Talabijin tana da lasifika, monitocin ofis da yawa ba su da ita, wasu ma ko ramin iyafis babu, P2419H na cikinsu. Mutum ya jona, alƙalin wasa ya hura usur, ɗaki tsit. Mafita tana hannunka: a ƙasan abin riƙon PS4 akwai ramin iyafis, ka shiga saitin na'urar ka ce duk sauti ya bi ta can, ko ka jona ƙaramar sifika a wurin. Na biyu yawan ramuka. Na'ura biyu gare ka, yawancin monitocin ofis kuma HDMI ɗaya ne da su, sai DisplayPort da VGA. Ka bar wa PS4 HDMI. Laftof ɗin ka duba gefenta: tsofaffin EliteBook suna da DisplayPort, na baya-bayan nan suna da USB-C mai fitar da hoto, sai ka sayi kebul mai USB-C a kai ɗaya DisplayPort a ɗayan. Daga nan maɓalli ɗaya za ka danna ka tashi daga ofis ka shiga fili. Cire kebul da mayarwa kullum shi ke kashe ramin HDMI, kuma gyaransa a PS4 aiki ne mai cin kuɗi. Shuɗin kebul ɗin nan na VGA kuwa, fasahar 1987 ce, ba ya ɗaukar sauti, rubutu kuma yana yin inuwa a kansa. Ka bar shi sai in ba yadda za ka yi.

Maganar talabijin gajeriya ce. Da bal kaɗai kake bugawa, da na ce ka saya. Amma talabijin inci 32 da yawa a kasuwarmu 1366 da 768 ne, ƙasa ma da 1080, tana kuma yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna shi, abin da ke sa rubutu ya yi gashi-gashi, danna maɓalli kuma ya ɗan makara in ba ka sa ta a yanayin gem ba. Ba za ka iya rubuta babi biyar a kanta ba tare da ciwon kai ba.

Sai wuta, wadda a Zariya ba a yin lissafin na'ura a bar ta a baya. Monita inci 24 ta ofis tana cin wat 15 zuwa 25, mai inci 27 ta gem kuwa 30 zuwa 45, gwargwadon hasken da ka sa mata. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da kusan wat 1200 na awa ɗaya, kuma in na ruwa ne ko na jel, rabin wannan ya kamata ka taɓa in kana so ya yi ƙarko. Ka lissafa da kanka, kai ne akawu: awa takwas a kan wat 20 ya kama 160, awa takwas a kan wat 40 ya kama 320, fiye da rabin abin da kake da shi, ba a sa laftof da fanka da ƙwan fitila ba. PS5 kuma in tana cikin babban wasa tana jan kusan wat 200 ita kaɗai. Don haka ranar da ka sayo ta, ka san maganar ƙarin batir ta taso. Rage hasken monita zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari yana rage cin wuta sosai, idonka ma ya huta, don daga kamfani a ƙure suke zuwa.

Yawancin monitocin da ake kawo min a mace, allonsu lafiya lau, ɓangaren wutarsu ne ya ƙone. Kusan dukkansu suna jure bolt 100 zuwa 240, saboda haka ƙarancin wuta bai cika kashe su ba. Abin da ke kashe su shi ne lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko janareta yana shirin mutuwa yana tari, ko tsawa da damina. Ka jona ta ta bayan inbata ko UPS, ko aƙalla soket mai kariya na ƙwarai, in hadari ya haɗo kuma ka zare filogi daga bango gaba ɗaya. Wasu monitoci, musamman na LG da Samsung, adaftarsu a waje take kamar cajar laftof. Wannan alheri ne, in ta ƙone ita kaɗai za ka canza. Amma ka sayi mai bolt ɗin da aka rubuta a bayan monitar daidai, kar wani ya ce maka ai bakin ya shiga.

To ranar saye. Ko a nan PZ ne, ko ka shiga Kaduna, ko Beirut Road a Kano, ka tafi da laftof ɗinka da kebul ɗinka, ba a cinikin biri a sama. Ka fara juya ta ka karanta takardar da ke liƙe a baya, akwai lambar samfuri da wata da shekarar ƙira. Ka buga lambar a wayarka ka ga nau'in allon da yawan ɗigon da idonka. In an kankare takardar ko an cire, ka ajiye. Daga nan ka sa a kunna, ka cika allon da fari zalla. Ka tsaya ka dube shi da kyau: tsohuwar da ta gaji za ka ga gefenta ya yi rawaya kamar tsohuwar jarida, ko wani wuri ya yi tabo mai haske inda aka taɓa danne ta a cikin kwantena. Ka sauya zuwa baƙi zalla, ka kare hasken shagon da tafin hannunka, ka nemi ɗigon da ya maƙale yana ƙyalli ja ko kore. Sai ja, sai kore, sai shuɗi, ɗaya bayan ɗaya. Ka gwada kowane rami, ba wanda mai shago ya jona kaɗai ba. Ka danna kowane maɓalli. Sannan ka bar ta a kunne minti 15 ko 20 kuna ciniki, domin akwai wadda sai ta yi zafi take fara kyaftawa ko ta fito da siririn layi daga sama har ƙasa. Layin nan ba ya gyaruwa, allo ake canzawa, kuɗin allo kuma kusan kuɗin monitar ne. Ka nemi rasit da aka rubuta lambar jikinta da kwanakin garanti a kai. Mai shagon da ya ƙi bari ka gwada, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

In daga Legas za a aiko maka, daga Computer Village ko Alaba, ka sa a ɗauki bidiyonta a kunne da farin allo da lambar bayanta, ku kuma yi magana tun farko a kan wanda zai ɗauki asara in ta fashe a mota. In kai za ka ɗauko ta, a tsaye ake riƙe ta, fuskar tana kallon ƙirjinka, kar a kwantar da ita a ɗora kaya a kai.

Ka kuma kula da ƙafarta, don ita ce abin da monitocin ofis suka fi na gem masu araha. Ƙafar P da U da EliteDisplay tana hawa tana sauka, tana juyawa, har allon yana miƙewa a tsaye in kana karanta doguwar takarda. Wata baiwar Allah mai buga takardun ɗalibai a Samaru ta taɓa kira na, ta ce monitarta tana sa ta ciwon kai da wuya, tana so ta canza. Da na je na tarar allon yana can ƙasa, ta duƙa a kansa kamar mai tsintar shinkafa, taga kuma tana bayanta, rana tana dukan gilashin, ta ƙure haske don ta iya gani. Muka juya teburin taga ta koma gefe, muka tara rim biyu na takarda a ƙarƙashin ƙafar har saman allon ya zo daidai da idonta, muka rage hasken. Ba ta sayi komai ba. Kai ma haka za ka yi: saman allo daidai da ido ko ƙasa kaɗan, nisa tsawon hannu, taga a gefe. Duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. In wadda ka samu ƙafarta ba ta motsi, ka duba bayanta ko akwai ramukan ƙusa huɗu masu tazarar santimita 10, da su ake ɗaura ta a hannun ƙarfe ko a bango.

In ka sayi mai 144Hz, ka sani Windows takan bar ta a 60 sai ka shiga Settings, ka je Display, ka buɗe Advanced display ka ɗaga da kanka. Na sha ganin wanda ya shekara da ita a 60 bai sani ba. Da hunturu kuma, in ka kashe ta ta huce, ka rufa mata mayafi mai sauƙi, don ƙurar nan tana shiga ta ramukan iska ta kwanta a kan ɓangaren wuta. Wajen gogewa ka fara kaɗe ƙurar tukuna, don in ka goga da ita a kai yashi ne, zai karce fuskar. Sannan ka ɗan jiƙa ƙyalle mai laushi da ruwa ka matse shi sosai. Kar ka fesa komai kai tsaye a kan allon, ruwan yana gangarawa ya shige ta ƙasan firam, inda siraran wayoyin allon suke.